Bincike Kafin Hukunci: Nasiha ga Matasanmu Masu Riƙon Saba

Duk wanda ya yi tadabburi a kan yadda al'amuran jama'a suke gudana a wannan zamani, tun daga ɗalibin da yake duba sakamakon jarrabawarsa ta wayar hannu, da ɗan kasuwar da ake tura masa kuɗin hajarsa ba tare da takardar kuɗi ko ɗaya ta shiga hannunsa ba, har ya zuwa ma'aikacin asibiti da yake laluben sunan majiyyaci a cikin na'ura, lalle zai tabbata cewa babban rabo na maslahar mutane ya koma ya rataya a wuyan waɗansu kwamfutoci da idonmu ba ya ganinsu, waɗanda ake kira saba, suna girke a ɗakuna masu sanyi a Legas, ko Ingila, ko Jamus, ko Amurka, ba a kashe su dare da rana. Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba kuwa shi ne, a cikin masu kula da waɗannan na'urori akwai 'ya'yanmu da dama, samari da 'yan mata mazauna Kano da Kaduna da Zariya, da Maraɗi da Yamai, waɗanda ba su taɓa ɗora hannu a jikin na'urar da aka danƙa musu ba, sai dai su shige ta daga nesa ta wani baƙin allo da babu hoto a cikinsa, su rubuta mata umarni layi bayan layi, ita kuwa ta zartar. Ina ganin wannan riƙo amana ne kamar kowace amana, yana da ladubban da ya wajaba a koya tun kafin a koyi sauri, kuma mafi girmansu shi ne mutum ya yi bincike kafin ya yanke hukunci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne wata ɗabi'a da na ga tana yaɗuwa a tsakanin masu koyon gina manhaja, watau idan na'ura ta cije, maimakon mutum ya natsu ya nemi sanin dalili, sai ya garzaya intanet, ko ya tambayi manhajojin nan masu ba da amsa, ya kwafo wani dogon umarni da bai san ma'anar ko harafi ɗaya a cikinsa ba, ya manna shi a allo ya danna. Sau da yawa abin yakan yi daidai, kuma wannan dacen shi ne babbar musibar, domin yana koya wa mai shi cewa jahilci ba shi da illa, har ranar da umarnin da aka rubuta domin wata na'ura dabam, mai wani hali dabam, zai faɗa wa tasa ya yi mata ta'adin da ba ya gyaruwa. Ban hana kowa neman taimako ba, ai matambayi ba ya ɓata. Abin da nake ƙi shi ne aiki da amsar da ba a fahimta ba a kan dukiyar mutane.

Kafin a gane girman haɗarin, sai an san asalin wannan baƙin allo da irin mutanen da aka gina shi dominsu. A shekarar 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu, a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a jihar New Jersey ta Amurka, suka fara gina babbar manhajar nan da aka sa wa suna Unix, kuma sun gina ta ne domin amfanin kansu da na takwarorinsu masana, mutanen da kowannensu ya san abin da yake nema tun kafin ya taɓa madannai. Saboda haka aka ɗora ta a kan ƙa'idar cewa mai ba da umarni ya san abin da yake faɗa: ba ta cika tambayarka ko ka tabbata ba, idan ta cika maka umarni galibi shiru take yi, abin da ka share kuma da umarnin "rm" ba shi da wani kwandon shara da za ka koma ka tsinto shi a ciki. A 1973 aka ƙara mata abin da Douglas McIlroy ya daɗe yana ba da shawara a kansa, watau bututun da ake haɗa ƙananan umarni da shi, yadda abin da na farko ya fitar zai zama shi ne abin da na biyu zai karɓa, ta haka mutum yakan iya cika babban aiki a layi guda, kamar yadda yakan iya yin babbar ɓarna a layi guda. Tsarin wannan gida ne Linux ya gada, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, kuma shi ne yake ɗauke da mafi yawan sabobin intanet a yau. Ashe ke nan yaron da ya buɗe baƙin allo a Fagge ko a Tudun Wada ya gaji kayan aikin da aka ƙera wa ƙwararru fiye da shekara hamsin da suka wuce, da dukan ikon da ke cikinsa, da kuma rashin sassaucinsa ga mai gafala.

Sai dai kuma, cikin adalcin waɗanda suka gina shi, ba su ɓoye wa mai bincike kome ba. Kowace manhaja da take gudana a cikin na'ura ana lissafta ta a matsayin aiki mai zaman kansa, kowane aiki yana da lambarsa, yana da mai shi, yana da uban da ya tayar da shi, har a kai ga aiki mai lamba 1, wanda shi ne farkon aikin da yake tashi idan an kunna na'ura. Wannan rajista kuwa a buɗe take. Umarnin "ps aux" yana jero dukan ayyukan da suke raye; "top", wanda William LeFebvre ya rubuta tun 1984, da ƙanensa "htop", wanda wani ɗan ƙasar Brazil mai suna Hisham Muhammad ya fitar a 2004, suna nuna su suna motsi, a ga wanda ya cinye ƙarfin na'ura da wanda ya mamaye ƙwaƙwalwarta; "ss -ltnp" kuma yana bayyana wane aiki ne yake tsaye a wace ƙofa ta sadarwa, wanda shi ne amsar kukan nan da masu koyo suke yawan yi, cewa manhajarsu ta ƙi tashi wai wani ya riga ta kama ƙofa ta 80 ko ta 443. Bayan wannan sai kundin rahoto, wanda a ganina shi ne abin da aka fi wulaƙantawa alhali ya fi kome fa'ida, domin da wuya manhaja ta faɗi ba tare da ta rubuta dalilin faɗuwarta ba a layukanta na ƙarshe. Wanda ya saba rubuta "journalctl -u" ya bi shi da sunan hidimar da ta lalace, ko "tail -f" ya bi shi da sunan fayil ɗin rahoto, ya zauna ya karanta da tsanaki, sau da yawa zai tarar an riga an gaya masa cutar da sunanta, ba a bar masa kome ba sai neman magani.

Yanzu kuma sai mu zo ga inda nake son in daɗe, domin a nan ne aka fi yin aika-aika, watau wajen tsayar da aikin da ya ƙi jin magana. Umarnin "kill" aikinsa shi ne isar da ishara zuwa ga aiki mai gudana, isharorin kuwa iri-iri ne, kowace da lambarta da hukuncinta. Idan aka rubuta shi kawai aka bi shi da lambar aikin, ba a ƙara kome ba, ishara ta 15 yake aikawa, wadda ma'anarta ita ce a nemi aikin ya kintsa ya tsaya: ya ƙarasa rubuta abin da yake riƙe da shi a ƙwaƙwalwa zuwa faifai, ya sallami waɗanda yake yi wa hidima a wannan lokaci, ya rufe fayilolinsa, ya share alamun kulle da ya kakkafa, sa'an nan ya fita. Amma idan aka rubuta "kill -9", to, isharar ba ta ma isa hannun manhajar ba, zuciyar tsarin ce da kanta take ɗauke ta nan take, ba ta da ikon karɓa, ko ƙi, ko jinkirtawa, kuma duk abin da take tsakiyar yi a nan yake yankewa. Malamanmu na fiƙihu sun shar'anta wa alƙali cewa, ko da hujja ta tabbata a gabansa, kada ya yanke hukunci sai ya yi wa wanda ake ƙara i'izari, ya tambaye shi ko yana da sauran abin faɗa. To, ishara ta 15 i'izari ce, ta 9 kuwa zartar da hukunci ce ba a saurari kowa ba. Abin baƙin ciki shi ne, a wurin matasa da yawa ta 9 ɗin nan ita ce farkon abin da yatsa yake kai wa, saboda sun ga ba ta taɓa ƙin aiki ba, ba su kuwa ganin abin da take bari a baya: ciniki da aka karɓi kuɗinsa ba a ƙarasa rubuta shi ba, fayil da aka yanke a tsakiya, ƙananan ayyuka da suka zama marayu suna riƙe da ƙofar da sabon aiki zai nema. Littafin jagorar PostgreSQL, wanda yana cikin manyan rumbunan bayanai da ake amfani da su a duniya, ya yi gargaɗi ƙarara cewa a guji aika wa babban aikinsa wannan ishara matuƙar akwai wata hanya, domin tana hana shi sakin abubuwan da ya riƙe na tsarin, kuma hakan yana iya kawo cikas wajen sake tayar da shi.

Ba ina nufin ishara ta 9 haramun ce ba, larura takan halatta ta, amma tana da tartibi. A fara da ta 15, a saurara, a duba ko aikin ya fita, a karanta rahotonsa a ga abin da yake jira, sa'an nan, idan ta tabbata ya sanƙare ba ya ko motsi, a yi amfani da ƙarfi. Wannan tartibi shi ne manyan kayan aiki da kansu suke bi: systemd, idan aka umarce shi ya tsayar da hidima, yakan aika ta 15 ya jira daƙiƙa 90 bisa al'adarsa kafin ya aika ta 9, Docker kuwa daƙiƙa 10 yake jira. Idan na'ura marar rai an koya mata wannan haƙuri, ban ga hujjar ɗan Adam na ƙin jiran minti ɗaya ba. Ya kamata kuma a sani akwai halaye biyu da ko ta 9 ba ta magani. Aikin da "ps" ya nuna da alamar D yana jiran faifai ne ko wata ma'ajiya ta nesa, jiran da ba ya karɓar katsewa, don haka faifan ne abin bincike. Wanda aka nuna da alamar Z kuwa ya riga ya mutu, sunansa ne kawai ya rage a rajista saboda uban da ya tayar da shi bai karɓi labarin ƙarewarsa ba, don haka uban ne za a nema. Mutum yana iya kwana yana maimaita umarni a kan waɗannan biyu ba abin da zai sauya.

Haka nan wajen tsayar da aiki da sunansa maimakon lambarsa, akwai wata 'yar al'ada mai sauƙi da take tsare babbar nadama, ita ce a fara rubuta "pgrep -a" da sunan, a ga jerin waɗanda abin zai shafa, kafin a rubuta "pkill", domin suna ɗaya yakan dace da ayyuka da yawa waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Kuma kada a ɗauka umarni ɗaya ma'anarsa ɗaya ce a ko'ina: "killall" a kan Linux masu sunan da ka ambata kawai yake tsayarwa, amma a kan Solaris, wani reshe na Unix, ayyukan na'urar gaba ɗaya yake nufa. Sau da yawa ma ba a bukatar tsayar da kome. Wanda ya gyara saitin nginx, manhajar da take isar da shafukan intanet ga masu dubawa, alal misali, ya ishe shi ya rubuta "nginx -t" ya tabbatar babu kuskure a rubutunsa, sa'an nan ya nemi hidimar ta sake karanta saitin tana kan aikinta, ba tare da an yanke wa ko mutum ɗaya abin da yake dubawa ba.

Wata gafalar da take kama da ƙwazo ita ce ta wanda kullum hidimarsa ta faɗi sai ya tayar da ita, ta sake faɗi ya sake tayarwa, har ya yi suna a ofis da saurin gyara, alhali bai taɓa tambayar me yake kayar da ita ba. Dalilan kuwa galibi ba su da yawa. Idan ƙwaƙwalwar na'ura ta ƙare, Linux yakan zaɓi aiki guda, yawanci wanda ya fi ci, ya kashe shi da kansa domin ya ceci sauran, kuma yana rubuta wannan a rahoton da "dmesg" yake nunawa. Wanda ya ga manhajarsa ta fita da lamba 137 ya sani 128 ne aka haɗa da 9, watau da ƙarfi aka ɗauke ta. Idan kuwa faifai ne ya cika, "df -h" zai faɗa, "du" kuma zai nuna inda kayan suka taru, wanda sau da yawa rahotanni ne da aka bari suna kumbura ba a sa "logrotate" ya riƙa juya su ba. A nan akwai wani abu da yakan rikita har waɗanda suka kwana biyu a sana'ar: mutum ya share ƙaton fayil, amma fili bai dawo ba, saboda wani aiki mai rai yana riƙe da fayil ɗin a buɗe, kuma tsarin ba ya sakin filin sai mai riƙon ya saki; "lsof +L1" shi ne yake tona wanda ya riƙe.

Akwai kuma wata mas'ala da ta shafe mu fiye da yadda ta shafi mutanen da suka rubuta yawancin littattafan wannan fanni, ita ce ta yankewar hanya. A ƙasashenmu wuta takan ɗauke ba sallama, sabis ɗin waya yakan tafi a tsakiyar aiki, wani lokaci ma abin yakan fi ƙarfin unguwa ko gari, kamar yadda ya faru ran 14 ga Maris, 2024, sa'ad da manyan igiyoyin intanet guda huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da maƙwabtansu suka shiga ƙunci na kwanaki. Mai riƙon saba yana shigarta ne ta hanyar SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a 1995 bayan an kama ana satar kalmomin sirri a kan layukan jami'arsa a Finland. To, idan wannan hanya ta yanke, ayyukan da mutum ya tayar daga allonsa sukan sami ishara ta 1, wadda aka gada tun zamanin da ake haɗa na'urori ta layin tarho, ma'anarta an ajiye waya, kuma mafi yawan ayyuka da jin ta sai su mutu. Ka ƙaddara mutum yana tsakiyar sauya fasalin rumbun bayanan wata makaranta, rabi ya sauyu rabi bai sauyu ba, sai sabis ya ɗauke. Maganin wannan ya daɗe da samuwa, kuma kyauta ne: "screen" tun 1987 yake, "tmux" kuma Nicholas Marriott ya fitar da shi a 2007, dukansu suna buɗe maka zama a cikin sabar kanta wanda ba ya rushewa don hanyarka ta yanke, idan ka dawo sai ka rubuta "tmux attach" ka tarar da aikinka inda ya kai. A ra'ayina, duk mai aiki daga wannan yanki namu wanda ya fara dogon aiki a saba ba a cikin ɗayan waɗannan biyu ba, ya yi sakaci, ko da Allah Ya sa ya tsira. Wanda layinsa yake yawan rawa kuma ya nemi "mosh", wanda aka fitar daga jami'ar MIT a 2012 musamman domin irin wannan hali.

Amma kada a wuce iyaka da wannan, har a mayar da "tmux" gidan da hidimar jama'a za ta zauna dindindin, kamar yadda na ga waɗansu suna yi, su tayar da manhajar kanti ko ta asibiti da hannu su tafi, ranar da na'ura ta sake kunna kanta da tsakar dare sai a wayi gari babu kome. Hidimar da aka ƙaddara za ta daɗe haƙƙinta ne a miƙa ta ga mai tsaro, shi ne systemd a mafi yawan rassan Linux na yanzu, wanda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fitar a 2010, Debian da Ubuntu kuma suka karɓe shi a 2015. Fayil ne na 'yan layuka kaɗan, a faɗi umarnin da zai tayar da hidimar, a faɗi sunan mai amfanin da za ta gudana a ƙarƙashinsa, wanda bai kamata ya zama "root" mai cikakken iko ba, a sa "Restart=on-failure" domin a tayar da ita idan ta faɗi, sa'an nan a rubuta "systemctl enable" domin ta riƙa tashi tare da na'ura. Sharaɗi ɗaya ne, a riƙa leƙa rahoto lokaci-lokaci, domin mai tsaron da yake tayar da hidima sau ɗari a rana ba tare da an sani ba yana ɓoye cuta ne kawai.

Kada wani ya zaci wannan nasiha ta masu koyo ce kaɗai, domin manya ma sun faɗa ramin. Ran 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare bayan doguwar wahalar gyara, ya nufi share ma'ajiyar rumbun bayanai a kan saba ta biyu, ashe allon da yake rubutu a ciki na saba ta farko ne, wadda jama'a suke amfani da ita. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya farga ya tsayar, amma daga kimanin gigabait 300 abin da ya rage bai wuce huɗu da rabi ba. Da aka juya ga kwafin ajiya, sai aka tarar hanyoyi biyar da kamfanin yake taƙama da su babu wadda ta tsaya da ƙafarta yadda ake zato. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe tana faɗuwa a ɓoye saboda saɓanin sigar kayan aiki, saƙonnin gargaɗinta kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin sa'a shida kafin nan domin wata bukata dabam, kuma bayanan waɗannan sa'o'i shida sun tafi ke nan. Ba a cika wata guda ba, ran 28 ga Fabrairu, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure a rubutun umarni guda, ya cire sabobi fiye da yadda ya nufa, hidimar ajiyarsu ta S3 a yankin Virginia ta tsaya kimanin sa'a huɗu, shafuka masu ɗimbin yawa suka tsaya tare da ita. Abin da ya fi burge ni a labaran nan biyu shi ne yadda kamfanonin suka bayyana wa duniya abin da ya faru dalla-dalla, suka kuma mayar da hankali ga gyaran tsari maimakon tozarta mutum guda: Amazon ta gyara kayan aikin yadda ba zai yarda a cire sabobi da yawa haka a lokaci ɗaya ba, GitLab kuma ta sa a cikin gyare-gyarenta a bambanta alamar allon sabar gaske da ta sauran. Darasin da mai saba ɗaya tak zai ɗauka a fili yake: kafin duk wani umarni mai sharewa ya rubuta "hostname" ya san a wace na'ura yake, ya rubuta "pwd" ya san a wane wuri yake tsaye, ya sa "ls" a gurbin "rm" ya ga abin da zai tafi, idan kuma kwafi yake yi da "rsync" ya fara da "-n", wanda yake nuna abin da zai faru ba tare da ya aikata ba.

Na san akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tun da kamfanonin haya sun tanadi alluna masu hotuna da maɓallai, mutum ya danna kawai a yi masa kome. Akwai gaskiya a maganarsu, kuma ban ga laifin wanda ya sauƙaƙa wa kansa aikin yau da kullum ba. Illa dai maɓallin nan umarnin da muka ambata yake aikawa a bayan labule, wanda ya ƙera shi kuma halayen da ya hango kawai ya tanadar wa maɓalli. Ranar da faifai ya cika ko ƙwaƙwalwa ta ƙare, allon mai hotuna, da yake shi ma aiki ne a cikin na'urar, yana iya zama cikin waɗanda suka faɗi, ba abin da zai rage sai baƙin allo. Ga shi kuma rubutu tsantsa ba ya cin data sai kaɗan, yana wucewa ta layin da hoto ba zai wuce ba, wanda wannan ba ƙaramar rahama ba ce ga mai aiki daga ƙauye ko daga kan hanya. Ilimin kansa kuwa yana cikin na'urar: "man" da sunan kowane umarni yana buɗe sharhinsa, kuma wanda ya lazimci karanta sharhin umarni ɗaya kafin ya yi aiki da shi, ya kuma ajiye littafinsa na kansa yana rubuta matsalar da ya tarar, da dalilinta, da abin da ya warware ta, zai wayi gari yana da abin koyar da na bayansa, da Hausa ma in ya so, wanda muna da matuƙar bukatarsa.

Ragowar maganata ga masu makarantu da asibitoci da kamfanoni ne, waɗanda suke ɗaukar yaro guda su danƙa masa saba, su bar shi ba mataimaki, ba wurin gwaji, sa'an nan su tashe shi da tsakar dare suna yi masa tsawa ya gyara yanzu-yanzu. Tsawar nan ita take tura yatsa ga ishara ta 9 da umarnin da ba a karanta ba, kuma sauri ya haifi nawa. Ƙaramar saba ta gwaji hayarta ba ta wuce dala biyar ko shida a wata, kuma a kanta ne ya kamata a fara jarraba duk wani sauyi kafin a kai shi inda bayanan mutane suke. Shugaba ba ya bukatar sanin ko umarni ɗaya kafin ya tambayi ma'aikacinsa yaushe ne aka yi gwajin dawo da kwafin ajiya na ƙarshe. Idan amsar ta zama ba a taɓa yi ba, sai ya ware masa yini guda a cikin wannan mako, ya sauke masa sauran ayyuka, ya zauna tare da shi a dawo da kwafin a kan sabar gwaji, a buɗe shi a gabansa, ya nemi sunan ɗalibi ko majiyyacin da aka shigar jiya ya gani da idonsa ko yana ciki.